Totur Ɗin da Ya Buɗe Kansa

Ku da kuke zuwa rumfar nan da waya a hannu, kuna nuna mini hoton wani yana saita babur cikin ɗan lokaci kuna cewa ai abin ba wuya, ku samu benci ku zauna. Ban ce wayar ƙarya take yi ba. Abin da ba ta nuna muku ba shi ne, mutumin nan da tataccen mai yake aiki, a ɗaki mai rufi, in ya yi kuskure kuma ya goge ya sake ɗauka. Mu a nan in ka yi kuskure, mutum ne zai hau kuskuren naka ya shiga titi da shi.

Ni a wurin Malam Iro na koyi aiki, a bayan Babbar Kasuwa, tun zamanin soja. Na daɗe a hannunsa bai bar ni na taɓa sukudireba ba. Aikina wankin kafireta ne. In ya warware ta, sai ya jera kayan cikinta a kan farantin silba, na farko a dama na ƙarshe a hagu, in wanke su da fetur da tsohon buroshin haƙori, in hura kowace ƙofa da baki har iska ta fita ta ɗaya gefen. Leɓena kullum a bushe suke, abinci ma ƙamshin fetur nake ji a cikinsa. In na sauya wa ƙusa ɗaya wuri a kan farantin nan, ba ya magana. Sai ya kife farantin a ƙasa ya ce in tsince.

Aikin farko da ya ba ni da hannuna na wani malamin firamare ne, babur ɗinsa na mutuwa duk inda ya tsaya. Na murɗa ƙusar silo, wadda ke riƙe injin yana aiki in babur na tsaye, injin ya ɗaga murya, ya daina mutuwa, na miƙe ina jin na gama. Malam Iro ya kwance fulogi ya kawo shi daidai hancina.

"Wane launi ka gani?"

Na ce baƙi.

"To ba gyara ka yi ba, toshe mishi baki ka yi. Baƙin fulogi, mai ya yi yawa. Fari kamar toka, injin na jin yunwa, zai ci kansa. Sai ka ga ya yi launin soyayyar gyaɗa sannan ka ce ka saita."

Daga nan ya kama totur, wato hannun da ake murɗawa a ba inji wuta, ya ɗan kaɗa shi da yatsu biyu. Ya nuna mini ɗan sakin da ake bari a wayar totur, wanda hannu zai motsa kaɗan kafin injin ya amsa. Ya ce duk babur ɗin da zai bar rumfarsa, sai an tada shi, an karya kansa dama har ƙarshe, an karya hagu har ƙarshe, an saurara. In muryar injin ta ɗaga ko yaya, wayar ta yi ɗauri, ba inda za shi. A lokacin na ɗauka tsanani ne irin na tsofaffi.

Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, na riga na buɗe tawa rumfar a nan kusa da Ƙofar 'Yandaka. Gari ya cika da babura kamar an zazzage su daga buhu. Masu neman kujera suna rabawa, 'yan kasuwa suna shigo da ƙananan nan masu araha, samarin ƙauye suna sayar da tumaki su sayi ɗaya su shigo birni kabu-kabu. Wani ranar da ya koyi hawa ranar zai fara ɗaukar fasinja. Dukkansu kuma abu biyu suke so waɗanda ba sa zama wuri ɗaya: babur ya yi gudu, kuma kada ya sha mai. In ka rage masa mai ya dawo ya ce ba ya ja. In ka ƙara ya dawo ya ce ka haɗa baki da gidan mai. Mun yi aiki a shekarun nan har hannu ya daina jin zafin salansa.

Cikin waɗanda suke kawo mini aiki akwai Sanusi, mutumin wani ƙauye gaba da Batagarawa. Magidanci ne da mata da 'ya'ya, ba yaro ba. Shi kaɗai ne ɗan kabu-kabun da na sani wanda yake zuwa kafin babur ya lalace. Zai tsaya ya ce, "Malam Hamisu, saurara mini wanga, kamar yana tari in na sassauta." In na duba sai in tarar da gaskiyarsa. Hannunsa a kan totur kamar na mai ɗinki ne. Yana da ƙane, Kabiru, shi ma kabu-kabun yake yi, yana bin bayansa ko'ina, amma shi mai gaggawa ne, irin waɗanda suke ɗaukar sifana su taɓa nasu da kansu.

Iya hawan nan ne ya kai Sanusi ga wani Alhaji, dillalin motoci da ya shiga siyasa, ba zan kama sunansa ba. Zaɓe na biyu na ƙaratowa, kowane ɗan takara yana son ayarinsa ya fi na wani ƙara. Alhaji ya sayo wani ƙaton babur na hannu daga waje, ja, mai silinda huɗu, don a riƙa shiga da shi gaban ayari. Ya ɗauki Sanusi ya riƙa hawa.

Ranar da aka kawo shi, turo shi aka yi. Yana tashi, amma in ka murɗa totur sai ya yi shiru kamar ya shaƙe, can kuma ya fizga gaba ɗaya. Na cire tanki ina neman kafireta, babu. Wayoyi ne kawai da robobi, da wani baƙin akwati ƙarƙashin kujera. Na taɓa ganin irin haka a motoci masu injekta, amma a babur wannan ne na farko. Na faɗa wa Alhaji gaskiya ban taɓa yin irinsa ba. Ya ce duk inda aka kai haka ake cewa, in riƙe shi in koya a kansa.

Sai da na koma ɗalibi da furfura ta fara fito mini. Akwai wani mai gyaran wayar mota a hanyar kasuwa, na riƙa zuwa wurinsa da yamma ina tsayawa a kansa ina tambaya, har na gane tsarin. Ga shi yadda yake, tunda da yawanku suna kawai kuka sani. A kafireta, injin ne yake zuƙar mai da kansa. A injekta, famfo ne a tanki yake tunkuɗo man da ƙarfi, ya bi ta filta, ya isa nozul, shi kuma ya fesa shi kamar hazo. Ƙofar nozul ɗin ba ta kai kan allura ba. Baƙin akwatin nan shi ne ƙwaƙwalwa, shi yake cewa a fesa kaza. Amma ba ya gani, ba ya ji. Abin da wata 'yar na'ura da ke jikin totur ta faɗa masa shi yake yarda da shi. In ta yi masa ƙarya, zai aikata ƙaryar da iyakar ƙarfinsa.

Nozul huɗun nan na fara cirewa. Na haɗa kowanne da sirinji cike da fetur, na taɓa masa waya daga batir, ina kallon feshinsa a jikin farin kwali. Biyu suna feshi sosai, ɗaya yana tsartuwa gefe guda, ɗaya ɗiga kawai yake. Na jiƙa su, na wanke, na sake gwadawa, na sake jiƙawa, har huɗun suka zana da'ira iri ɗaya a kwalin. Na sa sabuwar filta. Sannan na ɗora mitar auna wuta a kan na'urar totur, na sassauta ƙusoshinta, ina gusa ta ƙasa da kaurin farce ina kallon allurar mitar. A nan babban ciwon yake: an taɓa buge ta, tana gaya wa akwatin totur a rufe yake alhali ya fara buɗewa. Shi ya sa yake shaƙewa sannan ya fizga.

Daidaita maƙogwaro huɗun shi ya fi ba ni wuya. Kowace silinda da maƙogwaronta, kuma dole su zuƙi iska daidai, in ba haka ba injin zai riƙa rawa kamar mutum huɗu na ɗauke da gado ɗaya kowa da tafiyarsa. Na'urar aunawa ba mu da ita. Na je kemis na sayo robar ƙarin ruwa, na lanƙwasa ta a jikin katako, na zuba baƙin mai a ciki, na haɗa bakinta biyu da maƙogwaro biyu. Wanda ya fi zuƙa sai man ya hau ta gefensa. Ka murɗa ƙusa kaɗan, ka jira, man ya sauka, ka koma kan na gaba, na farkon ya sake gocewa. Injin ya yi zafi ka kashe ka jira ya huce. Haka na yi ta yi har man ya tsaya cak a kowane gefe. A ƙarshe na bar wa wayar totur sakinta, na karya kai dama, na karya hagu, murya ba ta motsa ba.

Sanusi ya hau ya zagaya ta bayan ganuwa ya dawo. Bai sauka ba, ya zauna a kai yana murɗawa a hankali yana saki.

"Malam Hamisu, wanga yanzu ko ƙwai ka ɗora mini a tanki sai in kai shi Batagarawa lahiya."

Na ce, "To ka ji sharaɗi. Ba ya shan man gefen hanya. In dole ta sa, a tace da kyalle mai tsabta. In ya yi maka wani abu, kashe shi ka sa a mota a kawo. Kada kowa ya sa mishi sifana."

"Wa zai taɓa? Ai ko Kabiru ban bari ya goge shi."

Ya yi watanni yana hawansa gaban ayari, ba abin da ya faru. A cikin taro, inda mutane ke gaba da baya, babur ɗin yana tafiya da shi kamar tafiyar ƙafa.

Sai shekarar ta juya. Mai ya yi wuya a gari, layi a gidajen mai ya kai inda ido ba ya gani, mutane na kwana a mota. Kowa ya koma wurin 'yan bumburutu masu sayarwa a galan a bakin titi, su kuma wasunsu suna haɗawa da kananzir, wasu a tsohuwar jarka mai tsatsa da laka a gindi. Ƙananan babura masu kafireta suna haɗiye wannan, su yi hayaƙi su wuce. Duk da haka a shekarar na buɗe injuna da suka ƙone fiye da duk shekarun baya. Kana kwance fulogi ka shinshina ka san abin da aka ba shi.

Ranar da abin ya faru, Alhaji ya fita ƙauyuka yaƙin neman zaɓe tun safe, za su dawo su shigo gari ta ƙofar nan bayan la'asar. Jama'a sun cika bakin titi, mata da yara, masu talla, masu kiɗa. Ina cikin rumfa ina ɗaure ceni na jiyo ayarin daga nesa. Na jiyo babban babur ɗin a gaba, na ajiye sifana, don ba muryar da na saita ba ce. Silo ɗinsa ya yi sama sosai, kuma yana tsallake bugu.

Na fito bakin titi. Na hango Sanusi yana tafe a hankali, yana ta kama kuloci yana saki. A daidai kwanar da ake karyawa a shiga gari mutane sun matse hanya, dole ya karya kan babur ɗin har ƙarshe. Yana karyawa injin ya yi wata irin kururuwa, tayar gaba ta ɗaga sama. Gabansa mata ne da goyo. Na ga ya jefa jikinsa gefe ya ja babur ɗin ya bar su, suka tafi tare shi da babur ɗin suka daki bakin kwalbati. Babur ɗin ya wuntsila ya faɗa kan wani tsoho mai sayar da rake. Yana kwance a ƙasa tayar baya na ta juyawa, injin na ihu, sai da na kutsa na zare makulli.

Sanusi bai kai asibiti ba. Tsohon ya rayu, amma ƙugunsa ya karye, bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Ayarin ya tsaya kaɗan, aka sa su a bayan wata mota, sauran suka wuce filin taro, don an riga an tara mutane.

Rumfata ce mafi kusa, nan aka jawo babur ɗin. Washegari bayan an dawo daga jana'iza na duba shi. Wayar totur an ɗaure ta tamau, babu saki ko na gashi. Na sa hannu na karya kan, na ga maƙogwaro huɗun suna buɗewa da kansu ba wanda ya taɓa totur. Na ciro filta, an huda ta da ƙusa daga wannan gefe zuwa wancan. Na zuba abin da ya rage a tanki cikin kwano, ya kwanta kashi biyu, ƙasan jan laka. Ba sai an faɗa mini ba. An ba shi mugun mai a hanya, filta ta toshe, ya fara mutuwa. Wani ya huda ta don mai ya wuce, datti ya tafi nozul, ya ci gaba da mutuwa. Sai aka ja waya aka ɗaure don silo ya hau ya daina mutuwa, yadda ake yi wa ƙaramin babur a kai shi gida.

Alhaji ya zo da kansa bayan addu'ar uku. Ya tsaya daga bakin rumfa ya ce Allah shi jiƙan Sanusi, yaron kirki ne. Sannan ya tambaya ko za a iya buge tankin a yi fenti kafin taro na gaba. Na nuna masa filtar. Bai karɓa ba, ya ce shi bai san waɗannan abubuwa ba, ni aka ba wa gyara. Na ce a zo a ɗauke shi, ba zan sake sa masa hannu ba. Aka zo da mota aka ɗauka.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama gari: babur ɗin da Hamisu ya saita ne ya kashe Sanusi. Wai na ƙara masa wuta don in burge Alhaji. Wai dama na ce ban iya ba, na karɓa don kwaɗayi. Duk wanda ya tsaya na nuna masa filtar, na ba shi labarin wayar, na ce wani ya taɓa bayana. Sai a ce wane ne? In ce ban sani ba. Sai a kaɗa kai a ce ai makanike bai taɓa cewa shi ne ba. 'Yan kabu-kabu suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Mutumin da na yi shekaru ina yi wa aiki zai turo babur ɗinsa ya wuce ta gabana ya kai gaba. Na je ƙauyensu gaisuwa, mahaifiyarsu ta aiko daga cikin gida a ce mini ta ji, in koma. Shekarar nan injin markaɗe da janareto na riƙa bi gida-gida ina gyarawa, da su aka ci abinci a gidana.

Bayan damina, wata ranar da hantsi, ina zaune ba aiki, sai ga Kabiru a ƙafa. Tun jana'iza ban sa shi a ido ba. Ya rame, wuyansa ya fito. Ya durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, na ce da godiya. Na tambayi Inna da yaran marigayi. Muka gama ya sake ɗauko gaisuwar daga farko. Na nuna masa benci, ya ƙi, ya zauna a ƙasa.

"Malam, an ce kana da filtar nan har yanzu."

Na ɗauko ta daga cikin gwangwani na miƙa masa. Ya juya ta, ya sa ɗan yatsa a hudar.

"Da ƙusar takalmin wani na yi," in ji shi. "Ni na sawo man ma. Mun tsaya a wani ƙauye, ya mutu ya ƙi tashi. Yaya ya ce a sa shi a mota a kawo maka. Mutanen Alhaji suka ce ina, ba a shiga gari ba shi a gaba, ko a tada shi ko a ba wani ya hau. Yaya ya tahi sallah. Na ce bari in gwada kafin ya dawo. Na huda, ya tashi, ya sake mutuwa. Sai na ja wayar. Haka nike yi ma nawa kullum, Malam, ba abin da ke faruwa."

"Ka faɗa mishi?"

"Na ce mishi datti ne na hure. Ya dube ni, ya ce Kabiru ka tabbata? Na ce na tabbata."

Wani mai kura ya wuce da jarkokin ruwa.

"Ina jin abin da ake faɗi a kanka," ya ce. "Kullum sai in ce yau zan faɗa. To Inna ni kaɗai na rage mata. Matarshi da yaran suna hannuna, tuwona suke ci. In suka ji ni ne, ban san yadda za mu zauna gida guda ba. Amma in ka ce in faɗa, yanzu sai in tsaya bakin tashar 'yan kabu-kabu in faɗa."

Na karɓi filtar daga hannunsa. Na tambaye shi ko har yanzu yana hawa, ya ce yana yi, ba shi da wata sana'ar. Na ce gobe ya kawo mini nasa in duba wayar. Na ce maganar kuma ta tsaya a rumfar nan, ya tashi ya tafi gida.

Daga ranar na daina nuna wa kowa filtar. Aiki ya dawo a hankali, ba don an wanke ni ba, sai don sababbin 'yan kabu-kabu sun shigo gari waɗanda ba su san Sanusi ba, kuma daga baya da ƙananan babura masu injekta suka fara zuwa, ba su da yawa waɗanda suka san cikinsu. Kabiru ya riƙe yaran har suka girma. Shi ma ya rasu, ciwon ciki, shi ya sa yau bakina ya buɗe, kuma sunayen da na faɗa muku ba nasu ba ne na gaskiya.

Mahaifiyarsu ta riga shi da 'yan shekaru. Har ta koma ga Allah ba ta yarda an ambaci sunana a gidanta ba. Ranar jana'izarta na rufe rumfa na tafi ƙauyen, na tsaya a sahun baya. Da aka idar, babban ɗan Sanusi, wanda ya zama saurayi, yana bin mutane yana miƙa hannu yana godiya. Ya zo kaina, wani ya raɗa masa ko ni wane ne. Ya dube ni, ya janye hannunsa, ya miƙa wa na kusa da ni.